Furar Ɗan Takara

Ɗan Ƙofar Marusa: Jama'a, abin da na gani jiya ya ishe ni. Wani mai neman kujera ya zo layinmu, ya bar jif ɗinsa can bakin titi, ya tako da silifas. Aka shimfiɗa masa tabarma, ya karɓi fura a ƙwarya, mai hoto na ta ɗauka. Ana sauke kyamara ya miƙa wa yaronsa, ko ludayi uku bai sha ba. Yau ga fosta, wai "ɗan talaka jikan talaka". Ina burtsatsen da ya yi mana alkawari tun zaɓen 2023?

Mai Shayi: To ai ɗan talakan ne. Mahaifinsa faci yake yi, kowa ya sani.

Malamin Firamare: Ɗan talaka daban, talaka daban. Wanda 'ya'yansa ke karatu a Ingila ya daɗe da barin sahunmu.

Mai Shayi: Malam, kai ka kai su filin jirgi? Yau kuma arziki ya zama laifi?

Hajiya Mai Atamfa: Ku dai kuna wahalar da kanku. Marigayi Umaru Musa ɗan talaka ne? Mahaifinsa Matawallen Katsina ne, minista tun jamhuriya ta farko. Amma shekara 8 yana gwamna ban taɓa ganin ya zauna shan fura don hoto ba. Da ya hau shugaban ƙasa a 2007, takardar kadarorinsa ya fitar kowa ya gani.

Badauri: Baba Buhari ma ya bayyana nasa a 2015: shanu 270, tumaki 25, dawaki 5, da gidajen ƙasa biyu a Daura. Ba banza aka ce masa Mai Gaskiya ba.

Malamin Firamare: Mai shanu 270 ne talaka? Allah Ya jarrabe ni da irin wannan talauci.

Badauri: A bar bawan Allah ya kwanta lafiya. Ku Katsinawa dama ba ku taɓa son a ambaci namu ba.

Hajiya Mai Atamfa: Yaro, iya bakinka. Daurar a wace jiha take?

Badauri: Allah Ya huci zuciyarki Hajiya, amma jihar 1987 aka yi ta. Rijiyar Kusugu fa?

Mai Shayi: To ku ɗebo wa 'yan Ƙofar Marusa, tunda ruwa suke nema.

Ɗan Ƙofar Marusa: Ni fa ba wasa nake ba. Jarka nawa muke saye kullum wajen 'yan ga-ruwa?

Shugaban Zaure: Ya isa haka. Abin da aka tsayar: mai girma ɗan takara ɗan talaka ne, babu wanda ya kawo hujjar da ta rushe wannan. Zancen Ingila jita-jita ce. Fura kuwa, wataƙila nonon ne ya yi tsami. Burtsatse a bi ta hannun kansila cikin ladabi. Wanda ya ƙara magana zan cire shi.

Ɗan Ƙofar Marusa: Ranka ya daɗe, ba daga gidanka aka ɗauko tabarmar ba?