Musayar Waƙa a Zariya: Wace Mota Ce Ba Ta Ba Mai Ita Kunya?

Dattijo daga Tudun Wada

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Jikana yana neman motarsa ta farko, kuma duk wanda ya yi wa shawara sai ya ce masa Toyota, sai ka ce ba a taɓa hawan wata mota a ƙasar nan ba. Na ga ya dace in faɗi abin da na sani game da Peugeot 504, wadda aka fara ƙerawa a Faransa a 1968. Wanda yake da ja, ya amsa mini da waƙa.

Da sunan Allah Mai iko nake farawa,
Wanda ya hore ƙarfe ga masu ƙerawa,
Salati ga Manzo, fiyayyen masu shiryarwa,
Sannan in juya ga motar da nake yabawa,
Mai tambarin zaki, wadda ba ta ba ni kunya.

A Kakuri ta Kaduna aka kafa masana'anta,
Tun 1975 ake harhaɗa ta a fito da ita,
'Ya'yanmu ne suka ɗaure ƙusoshinta, suka shafa fentinta,
Gwamna da alƙali da malamin makaranta duk sun hau ta,
Albashin masu haɗa ta a nan aka ci shi, a Najeriya.

An ɗaga cikinta sama domin hanyar karkara,
Ba ta tsoron rami, ba ta tsoron gargada ko ƙura,
Na bi da ita Pambegua lokacin da damina ta fara,
Wata rana Giwa da Funtua, babu wanda ya tura,
Na dawo da iyalina gida Tudun Wada lafiya.

Ba ni kaɗai ne shaida ba, ku tambayi masu nazari,
A 1975 ita ce ta lashe tseren Safari,
A ƙasar Kenya, inda hanya take cike da haɗari,
Tun kafin nan, a 1969, ta samu babban kirari,
Da aka zaɓe ta motar shekara a Turai gaba ɗaya.

Idan ta yi tari, bakanike zai gane da kunne,
Ya kwance kafireto ya wanke, kana nan a zaune,
Ya goge filogi, ya sake abin da ya ƙone,
Ba ya neman kwamfuta ta gaya masa ko mene ne,
Kafin la'asar ka sallame shi ka kama hanya.

Da tsohuwar zuma ake magani, haka muka gada,
Ni da zaki mun ƙulla amana tun zamanin da,
Ba zan sake ta ba saboda wata sabuwar al'ada,
Ku da kuka bi motocin Japan, ku kawo shaida,
Ku gaya mini abin da suka fi tawa, in kuna da gaskiya.

Direba daga tashar Kwangila

Wa alaikumus salam, Baba, Allah ya ƙara girma. Ni ɗanka ne, kuma lodin Kano nake yi. Ga amsata, a yi mini afuwa idan harshe ya zarce.

Baba, na durƙusa na gaishe ka da ladabi,
Ban zo in rushe maganarka ba, ko in ɗora mata aibi,
Amma mai ci da sitiyari yana da nasa jawabi,
Kuma jawabin nawa ya tsaya ne a kan Toyota.

Daga Kwangila nake lodi tun kafin fitowar rana,
In bi Tashar Yari da Kwanar Dangora da fasinjojina,
In sauke a Kano, in juyo Zariya in kwana,
Babu daren da Hiace ɗina ta kwana a gefen kwalta.

Tun 1966 Japan take ƙera Corolla,
A 2021 an sayar da fiye da miliyan 50 jimla,
Duniya ba ta yin layi a kan abin da ke jawo wahala,
Wannan adadi shaida ne ga duk mai son ya auna ta.

Kayan gyaranta suna nan Sabon Gari, ba sai ka wahala ba,
In babu, Panteka ta Kaduna ba za ta rasa ba,
Ƙofar Ruwa ta Kano ma ba za ta ce maka babu ba,
Ko a ƙauye ka tsaya, akwai yaron da ya san cikinta.

Ka ce a Kakuri aka haɗa taka, Baba, na yarda,
Amma a 2006 aka daina haɗa 504, kai ma shaida,
Gangariyar kayanta yau sai an bi dillalai na da,
Jikanka zai bar aikinsa ya shiga yawon nema mata.

Tun 29 ga Mayun 2023 da aka janye tallafin mai,
Direba yana auna kowace lita kafin ya je ya kai,
Injin kafireto yana sha fiye da na zamani sosai,
Ribar yini guda tana iya ƙonewa a tankinta.

Dattijo daga Tudun Wada

Ɗana, na ji jawabinka, Allah ya yi maka albarka,
A kan tsadar mai ba ni da ja da maganarka,
Amma zaki bai mutu ba, ka sake duba labarinka,
Tun 2022 kamfanin Dangote yake haɗa sababbi a jiharka,
Masana'antar tana hanyar Abuja, ka je ka yi tambaya.

Abin da yake damuna shi ne mun zama masu sayen saura,
Motar da wani ya gaji da ita a Amurka ya tura,
Ta sauka Kwatano ko Legas, mu karɓa mu gyara,
Alhali a da sabuwa muke ɗaukowa daga Kaduna mu fara,
Wannan ya fi mini zafi a kan zancen giya da taya.

Malama daga Samaru

Ina gaida Baba, ina gaida ƙanena direba. Ni koyarwa nake yi, ba tuƙi ne sana'ata ba, amma na sayi mota da gumina, kuma akwai ɓangaren da ku biyun kuka tsallake.

Baba da ƙanena, kun yi magana a kan tambari,
Kowa ya riƙe nasa yana yi masa kirari,
Amma ba ku taɓo tarihin motar da ake saya ba.

Na taɓa sayen 'yar Kwatano saboda sunan kamfaninta,
Fenti yana ƙyalli, kujeru tsaf, mita tana nuna ƙuruciyarta,
Dillali ya rantse cewa ba ta taɓa haɗari ba.

Ba a jima ba ta fara zafi a kan hanyar Shika,
Bakanike ya ɗaga kafet ya nuna mini tsatsa da laka,
Ya ce ruwa ya taɓa shanye ta, ba a gaya mini ba.

Robar fedar birki ta cinye har ƙarfe ya bayyana,
Ya ce an mayar da mita baya, ga alama tana nuna,
Ƙafa ba ta cin roba haka in ba an yi doguwar tafiya ba.

Ba zan kama sunan kamfanin ba, domin ba shi da laifi,
Dillalin da ya ɓoye aibi shi ya jefa ni rami mai zurfi,
Tambarin da ke gaban motar bai iya kare ni ba.

Kuma ƙanena, manyan kamfanoni su ma suna kuskure,
A 2009 da 2010 Toyota ta kira miliyoyin motoci domin gyara a jere,
Saboda totur da yake maƙalewa a ƙasa bai dawo ba.

Jakar iska ta kamfanin Takata ta shafi Honda da Toyota da wasunsu,
Tana fashewa da ɓaraguzan ƙarfe a fuskar masu su,
Har kamfanin Takata ya durƙushe a 2017, bai tashi ba.

A can ana aika wa mai mota takarda ya kai a canza kyauta,
A nan ta bi hannu bayan hannu kafin ta iso ga mai ita,
Babu wanda ya san ko an canza ko ba a canza ba.

Yau Honda nake hawa daga Samaru zuwa wurin aiki,
Ina jin daɗinta, ba ta girgiza mini jiki,
Amma ban ɗaukar wa kowane kamfani alkawari ba.

Bakanike daga Sabon Gari

Ranka ya daɗe Baba, ina gaisuwa. Malama, sannu da ƙoƙari. A kan 504 na koyi riƙon sifana, yau kuma da na'urar gwaji nake aiki, saboda haka kowane ɓangare na zauna a cikinsa.

Baba, Malama, da ƙanena na tasha, ku ba ni dama,
Ni ne nake kwanciya a ƙarƙashinsu ina kallon sama,
Na Faransa da na Japan da na Jamus duk na kama,
Abin da na gani da idona nake faɗa, babu ƙarawa.

Gaskiya ne ƙira ba ɗaya ba ce, akwai mai haƙuri,
Injin Corolla yana jure sakaci, ba ya fushi da wuri,
Ƙafar 504 an yi ta ne domin rami da tudu da kwari,
Mercedes ma tana daɗewa, in mai ita yana da abin kashewa.

Amma yawancin injin da ya buga a gabana,
Ba daga masana'anta ciwon ya taso ba a ganina,
Baƙin mai ne aka ƙi juyewa, aka bar shi ya yi ta kwana,
Har ya daskare ya toshe hanyar da yake zagayawa.

Na buɗe murfin wani inji, na sa yatsa na lakato,
Abin da ya biyo yatsana baƙi ne mai danƙo, da ƙyar ya fito,
Mai motar ya sayi jabun mai a bakin titi ba kokwanto,
Araha ba ta ado, yanzu inji guda yake sayowa.

Akwai aikin wasu gareji da nake roƙo a daina,
Cire tamostat daga inji wai don ƙasarmu akwai rana,
A haɗa fanka kai tsaye tana juyi ko da sanyin damina,
Injin da bai kai zafinsa ba yana shan mai yana cinyewa.

Wani ya ɗura wa lagireto ruwan rijiya,
Tsatsa ta taru ta toshe shi a hankali ba hayaniya,
Sai an kai Jaji da tsakar rana tururi ya tare hanya,
Gasket ya ƙone, a kama sunan kamfani ana ɓatawa.

Ƙurar hunturu tana cika matatar iska a Zazzau,
Direba ya busa ta ya mayar, ya ce ai ta yi kyau,
Giya mai canza kanta a ba ta man da bai dace ba yau,
Gobe ta fara fizga, jibi ta daina canzawa.

Ku tuna gurɓataccen fetur ɗin da aka shigo da shi,
A Fabrairun 2022, metanol ya yi yawa a cikinshi,
Injin da ya sha ya illata, ko wane ne ya ƙera shi,
Fetur ba ya duba tambari kafin ya fara lalatawa.

Baba, motar yau tana da kwamfuta, kunne kaɗai bai isa ba,
Sai an jona na'ura ta karanto abin da ido bai gani ba,
Yaranmu su nemi ilimi, NITT, cibiyar fasahar sufuri, ba ta yi nisa ba,
Tun 1986 aka kafa ta, tana nan a hanyar Basawa.

Jikanka ya kawo motar da yake so kafin ya biya kuɗi,
In ɗaga ta in duba ƙasanta, in ga inda aka yi walda da haɗi,
In tayar da ita da sanyin safe, in ga hayaƙinta fari ne ko shuɗi,
Sannan in gaya masa ko ta cancanci ɗaukowa.

Direba daga tashar Kwangila

Yaya, maganarka a kan juye da lagireto ta shige ni,
Abin da Malama ta faɗa game da kiran motoci ya farkar da ni,
Gobe zan kai lambar bodin motata a duba mini,
In san ko akwai kiran gyara da ya taɓa hawa kanta.

Amma akwai abu ɗaya da har yanzu ba ku ba ni amsa ba,
Ranar da kuɗin asibiti ko na makaranta bai samu ba,
Corolla ba ta daɗewa a hannun dillali ba a taya ba,
Wace mota ce a Zariya take da kasuwa irin tata?