Digirin digirgir a kan tattalin ruwa: ku da kuka shiga, me kuka tarar?

Mai tambaya

Assalamu alaikum. Na kammala digiri na biyu a fannin injiniyan albarkatun ruwa, kuma ina da niyyar ci gaba da digirin digirgir a kan hanyoyin rage yawan ruwan da ake kashewa, ko a gona ko a birni. Guraben da nake gani iri biyu ne: akwai waɗanda an riga an tsara aikin an samo kuɗinsa, ɗalibi kawai ake nema, akwai kuma waɗanda kai za ka rubuta ƙudurin bincikenka, ka nemi malamin da zai duba, sannan ka nemi tallafi daban. Ina roƙon waɗanda suka bi ɗaya daga cikin hanyoyin nan su faɗa mana abin da suka tarar.

Injiniya mai binciken bututu

Wa alaikumus salam. Ni ta hanya ta farko na shiga, a ƙarƙashin shirin Marie Curie na Tarayyar Turai, kuma a shafin EURAXESS, inda ake tallata guraben bincike na Turai, na ga sanarwar. Sharuɗɗansa biyu ne ya kamata ka duba tun kafin ka wahalar da kanka: kada ka riga ka mallaki digirin digirgir, kuma kada ka kasance ka zauna a ƙasar da za ka je fiye da watanni 12 a cikin watanni 36 da suka gabata. Daɗin wannan hanya shi ne ma'aikaci ake ɗaukar ka, da kwantiragi da albashi, kuma kuɗin kayan aiki suna nan tun ranar farko. Wahalarta kuwa, tambayar binciken ba taka ba ce, sai dai ka nemi wani lungu a cikinta ka mai da shi naka.

Aikina a kan yoyon bututun birni ne. Wani rahoton Bankin Duniya na 2006 ya ƙiyasta cewa ruwan da aka tace wanda ke zubewa daga bututun birane a duniya ya haura kyubik mita biliyan 32 a shekara, wato ruwan da aka kashe kuɗi da lantarki a kansa amma bai kai famfon kowa ba. Yadda muke gano shi shi ne a killace unguwa ta yadda bututu ɗaya ne kawai ke shigar mata da ruwa, a ɗora masa mita, sannan a karanta ta tsakanin ƙarfe 2 da 4 na dare lokacin da kusan kowa ya yi barci. Idan mita na ta gudu a wannan lokaci, to yawancin ruwan yoyo ne, ƙasa ce ke shanye shi. Da muka rage matsin ruwa da dare, sai adadin ya sauko ba tare da an haƙa rami ko ɗaya ba, domin ƙarfin yoyo yana bin ƙarfin matsi ne. A ganawar ɗaukar aiki ba a tambaye ni irin ƙaunar da nake yi wa fannin ba. An tambaye ni ko na taɓa gina tsarin bututu a manhajar EPANET, wadda ake kwaikwayon tafiyar ruwa a bututu da ita, da abin da zan yi idan na tarar da giɓi a bayanan mita.

Malama mai binciken ban-ruwa

Injiniya ya yi bayani mai kyau, amma kada mai tambaya ya raina hanya ta biyu, domin ita na bi. Hukumar DAAD ta Jamus da cibiyar TWAS da ke Trieste a Italiya duk suna ba da tallafin digirin digirgir, kuma a irin wannan hanya abin da ya fi cin lokaci shi ne samun malamin da zai rubuta cewa ya yarda ya duba aikinka. Abin da na lura shi ne, wasiƙar da ta ce "ina son bincike a kan ƙarancin ruwa" ba ta samun amsa. Wadda ake amsawa ita ce wadda ta ambaci amfanin gona guda, da abin da za a auna, da na'urar da za a auna shi, ta kuma nuna cewa mai ita ya karanta aikin malamin.

Noma ne ke ɗauke da kusan kashi 70 cikin 100 na ruwan da ake ɗiba daga koguna da rijiyoyi a duniya, don haka a nan aikin ya fi yawa. Ni na yi nawa a kan shinkafa, da dabarar nan ta jiƙawa da busarwa bi da bi wadda cibiyar binciken shinkafa ta IRRI da ke Filifin ta yaɗa. Ana kafa guntun bututu mai hudoji a cikin fadama, a bar ruwa ya janye, ba za a sake ba da ruwa ba sai an leƙa an ga ya sauka santimita 15 ƙasa da doron ƙasa. Ana iya rage ruwa har zuwa kashi 30 cikin 100 ba tare da amfani ya ragu ba, in dai an kiyaye lokacin fitar fure. Sai dai ɗan'uwa ka sani, mai gwaji a gona bawan kakar noma ne: idan na'ura ta lalace a tsakiyar kaka, sai wata kakar, alhali tallafin ba ya jira.

Dakta, mai koyarwa kuma mai duba ɗalibai

Malama, ina da gyara kaɗan, ba a kan aikinki ba, a kan yadda ɗalibai ke rubuta ƙudurinsu. Da yawansu suna ɗauka cewa duk ruwan da aka rage a gona an tsimar wa kogi ne, kuma wannan ba lallai ba ne. Ruwan da ya yi yawa a gonar da ake malalawa ba duka yake salwanta ba, wani yana nutsewa ya koma ƙarƙashin ƙasa, wani ya gangara ya ishe manomin da ke ƙasa da kai. Idan aka koma ban-ruwa na ɗigo, wannan rarar takan ragu, sau da yawa kuma manomi yakan faɗaɗa gonarsa ko ya koma shuka mai shan ruwa da yawa, sai a wayi gari abin da ke ƙafewa ya tafi sama ya ƙaru. Quentin Grafton da abokan aikinsa sun yi bayanin wannan a mujallar Science a 2018, kuma duk ƙudurin da ya zo gabana bai san da wannan muhawara ba, nakan mayar wa mai shi.

Saboda haka nake ganin guraben da suka fi armashi yanzu su ne masu lissafin ruwa a faɗin kwarin kogi gaba ɗaya. Kayan aikin ma kyauta ne: hotunan taurarin ɗan'adam na Landsat da Sentinel-2, da rumbun bayanan amfani da ruwa a noma na WaPOR na hukumar abinci da noma ta FAO, da bayanan taurarin GRACE waɗanda tun 2002 suke nuna raguwa ko ƙaruwar ruwan da ke jibge a manyan yankuna. Amma tauraro ba ya wadatarwa shi kaɗai, dole a gwada abin da ya nuna da awon da aka yi a ƙasa.

Ɗalibi a shekarar ƙarshe

A kan maganar awon nan nake so in sa baki. An yi mini alkawarin bayanan mita daga wata hukumar ruwa, da baki kawai, sai jami'in da ya yi alkawarin ya bar wurin, wanda ya gaje shi kuma ya ce bai san zancen ba. Babi guda na kundina sai da aka sake masa fasali. Kafin ka karɓi kowane gurbi, ka tambaya ko bayanan suna hannu, ko kuwa akwai yarjejeniya a rubuce.

'Yar'uwa mai binciken amfanin gidaje

Akwai wani ɓangare da ba a ambata ba, wato halayyar masu amfani da ruwan. Abin da ya ja ni gare shi shi ne farin birnin Cape Town, inda a watan Fabrairun 2018 aka kayyade wa kowane mutum lita 50 a rana, birnin kuma ya rage shan ruwansa da fiye da rabi idan aka kwatanta da shekarun kafin farin, ta hanyar haɗa rage matsi da ƙarin farashi da wayar da kai. Raba gudummawar kowanne daga cikin ukun nan aiki ne da ke buƙatar injiniya mai sanin ƙididdiga. Wanda zai shiga wannan ya sani cewa bayanan mitar gida sirrin mutane ne, suna nuna lokacin tashinsu da lokacin da ba sa gida, don haka sai kwamitin ɗa'ar bincike ya amince, kuma amincewar kan ɗauki lokaci. Masu sha'awar sake tace ruwan dagwalo kuwa su duba Windhoek ta Namibiya, wadda ke mayar da shi ruwan sha tun 1968.

Mai tambaya

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Dakta, ni aikina na digiri na biyu a kan manhajar SWAT ne, mai kwaikwayon tafiyar ruwa a kwarin kogi, ban taɓa awo a fili ba. Wannan zai hana ni samun gurbi?

Dakta

Ba zai hana ba, matuƙar za ka iya nuna da waɗanne bayanan kogi ka daidaita manhajar, da shekarun da ka ware don gwada ta, da inda ta kasa. Ka taƙaita wannan a shafi ɗaya da zane biyu, ka haɗa da wasiƙarka ta farko zuwa ga malamin.