Shawara don Allah: in daina yi wa ƴata Hausa?

Uwar Auta: Salamu alaikum ƴan uwa. Ƴata shekara 2 da wata 4, ni Hausa nake mata, babanta kuma Turanci, har yanzu maganarta ba yawa kuma tana cakuɗawa, jiya ma cewa ta yi "ba ni wota". Babanta ya ce yaren ne ya yi mata yawa, in ajiye Hausa tukuna har bakinta ya buɗe. In ajiye ko kar in ajiye?

Kawu: Sa ta makaranta kawai, cikin yara bakinta zai buɗe.

Maman Biyu: Ƴar uwa kar ki soma! Abin da aka sa ni yi kenan da babban ɗana, wata malamarsu ta ce Hausar ce ke rikita shi, na bari, shekara guda cur ina fama da Turancin da ni kaina ban ƙware ba, hirar ma sai ta ragu tsakaninmu. Ashe ruwa ne ya taru a kunnensa, ba ya ji sosai, sai da aka gwada kunnen muka gane. Yanzu shekararsa 9, kakarsa na masa magana yana kallona in fassara, ranar da ta riƙe hannunsa tana sa masa albarka ya ce min "me ta ce?" wallahi ɗaki na shiga na yi kuka.

Uwar Auta: Allah sarki, Allah ya ƙara masa lafiya Yaya.

Anti Nas: Yare biyu ba ya jinkirta magana, cakuɗawar ma ba matsala ba ce, ai "ba ni wota" jimla ce ta haɗa. In za ki ƙirga kalmominta ki haɗa na yarukan biyu. Jariri ɗan wata 6 yana bambance sautukan kowane yare, kafin ya cika shekara sai ƙwaƙwalwar ta karkata ga wanda yake ji kullum. Amma dai a duba mata kunne.

Abban Yara: Ni na ji in yaro ya wuce shekara 3 ƙofar ta rufe.

Malamar Firamare: Wane 3? Ƴan shekara 7 nake koyarwa suna kamawa tsaf. Babba ma yana koya, lafazin ne ke ba shi wuya.

Abban Yara: To ita Anti ai nas ce, ba likitar ƙwaƙwalwa ba.

Maman Biyu: Da nas na samu tun farko da ban yi asarar shekara ba, Malam.

Kawu: Nawa jikan yare uku yake ji, amma in an ce ajiye waya ba ya jin ko ɗaya 😂

Anti Nas: Kawu ka taɓo inda ke min ƙaiƙayi. Patricia Kuhl ta Jami'ar Washington a Amurka, ita da abokan bincikenta a 2003 sun sa jarirai ƴan wata 9 zama 12 da masu yaren Mandarin na Sin, waɗanda aka yi wa wasa ido da ido sun kama sautukan, waɗanda aka kunna wa bidiyo kuwa ba su kama ba.

Malamar Firamare: Shi ne ciwona kullum, a miƙa wa yaro waya tun safe a ce katun na koya masa Turanci, ya zo aji yana rera waƙar haruffa amma ka tambaye shi sunansa ya yi shiru.

Uwar Auta: Wai har katun ɗin ma? Babanta ne fa ke kunna mata kullum da daddare.

Maman Biyu: Tura masa maganar Anti yanzu-yanzu.