Zauren tsofaffin ɗalibai: a kira 'yan kasuwa su gyara firamarenmu?

Baban Ummi: Salamu alaikum jama'a. Yau na raka Ummi makaranta na leƙa ajinsu, wallahi raina ya ɓaci. Yara cunkus a kan tsumman tabarma, rabin kwanon rufin iska ta yaye tun damina, malama ɗaya tana ta fama har muryarta ta dushe. Yarinya tana aji huɗu amma ba ta iya karanta sunan unguwarsu ba. A yi mana irin na Edo mana. A 2018 gwamnansu na lokacin, Obaseki, ya ɓullo da shirin gyaran firamare na EdoBEST, ya haɗa gwiwa da kamfanin Bridge, aka raba wa malamai kwamfutar hannu mai ɗauke da darasin kowace rana, ana kuma ganin wanda ya zo aiki da wanda ya yi fashi. Legas ma ta bi sahu da EKOEXCEL. A kira 'yan kasuwa su gyara mana, ni na gaji.

Malamar Aji Uku: 'Yan kasuwa? To saura a liƙa wa yaran farashi a goshi. Ɗan kasuwa ya taɓa zuba kuɗi inda ba riba?

Baban Ummi: Malama, ban ce a sayar ba fa. Makaranta tana hannun gwamnati, ita ke biyan albashi, kamfani horo da sa ido kawai zai yi.

Alhajin Kwari: Ku dakata tukuna. Me ɗan kasuwa ya tare muku? Rijiyar burtsatsen da yaranku ke sha a makarantar nan, wa ya haƙa? Mu muka yi karo-karo. Sai an zo neman gudummawa mu zama "Alhaji Allah ya ƙara buɗi", yau kuma mun zama ɓarayi.

Malamar Aji Uku: Alhaji, ni ban ce ɓarawo ba.

Alhajin Kwari: Ai ba sai kin faɗa ba, 'yata. Kowa ya ji.

Injiniya: Yaya Baban Ummi, an gwada wannan a Laberiya a 2016. Makarantu 93 aka damƙa wa ƙungiyoyi takwas, har da Bridge ɗin. Karatu ya ɗan ƙaru, amma a makarantun Bridge an rage yara daga ajujuwan da suka cika, kuma kuɗin da aka kashe a kan kowane yaro ya zarce na gwamnati nesa ba kusa ba. In aka ƙayyade ajin su Ummi, ragowar ina za su?

Jar Hula: Ina ruwanmu da Laberiya. Wa ya gina benen da ke makarantar nan? Ku ɗaga kai ku karanta abin da ke rubuce a jiki. Kuma Abba ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi tun 2024, ku ba shi lokaci.

Na Baba: Ga shi nan ya fara. Wa ya kawo ilimi kyauta kuma dole a 2019? Ganduje ne ko kakanka?

Jar Hula: Kada ka sake ka sa kakana a maganarka.

Na Baba: Fenti dai kuka iya.

Baban Ummi: Don Allah maganar rufi nake yi.

Alhajin Kwari: Ni dai sai an janye kalmar nan. Har 'yarta mu muka ɗinka wa kayan makaranta.

Malamar Aji Uku: Allah ya isa in na taɓa karɓar ko zare a hannunka. Kuma masu son na'ura ta riƙa gadinmu, ku tuna Kaduna, malamai sama da dubu 21 aka kora bayan jarrabawar 2017.

Injiniya: Wancan jarrabawa ce gwamnatin El-Rufa'i ta yi, ba kamfani ba ne.

Malamar Aji Uku: Duk kanwar ja ce.

Hedimasta Mai Ritaya: To ya isa haka. A matsayina na shugaban zaure, abin da na fahimta shi ne kowa ya yarda ba za a sayar da makarantarmu ga 'yan kasuwa ba, kamar yadda Baban Ummi ya nema. Injiniya ya tabbatar mana abin ya zo da matsaloli a Laberiya. An kuma amince malamai ba su da laifi, albashi ne bai isa ba, na yi shekara 35 a aji na sani. Alhaji, a yi haƙuri, muna jiran kwano bandir biyu daga wajenka. Na rufe zaure sai bayan Isha.