Gakem ko Nsukka: A Ina Aka Fara Harbi a Yaƙin Basasa?

Ɗan Bariki: Jama'a, ni dai na taso ina ji a bakin mahaifina, tsohon soja, cewa a Nsukka aka fara yaƙin Biyafara. Yau wani ya ce mini wai a Gakem ne. Ina ne kuma Gakem?

Malamar Tarihi: Ƙanena, gaskiya ya gaya maka. Ranar 6 ga Yuli, 1967 sojojin tarayya ƙarƙashin Muhammadu Shuwa suka kutsa Gabas ta fuska biyu, wasu suka nufi Nsukka, wasu Ogoja. Gakem na bakin iyaka a hanyar Ogoja, kuma nan aka fi cewa bindiga ta fara tashi.

Ɗan Bariki: To Yaya, tunda rana ɗaya aka taso, ta yaya aka tantance wanda ya riga? Ban gamsu ba.

Baba Direba: Na sha ratsa Gakem da tirela. Kana baro Vandeikya sai ga ta. Ai a Binuwai take.

Malamar Tarihi: Baba, a gafarce ni, ka riga ka tsallaka iyaka a nan. Tana ƙaramar hukumar Bekwarra, Jihar Kuros Riba. A wancan zamani wurin ne Arewa ta ƙare, Gabas ta soma.

Hajiya Uwargida: Ni ba wanda ya riga harbi ne ke ci mini rai ba. Mutanen Bekwarra fa ba Ibo ba ne. Ranar 27 ga Mayu Gowon ya ƙirƙiro jihohi 12, ya sa su a Jihar Kudu maso Gabas. Ranar 30 ga wata Ojukwu, gwamnan soja na Gabas, ya ayyana ƙasar Biyafara, ya haɗa da ƙasarsu. Manoman doya ne, sun wayi gari yaƙi a ƙofar gida, amma in ana labarin yaƙin da wuya ka ji an ambace su. Wannan ba adalci ba ne.

Ɗan Bariki: Hajiya, wannan na yarda. Amma gumurzun gaske a ɓangaren Nsukka aka yi, can ma Nzeogwu, jagoran juyin mulkin Janairun 1966, ya mutu.

Malamar Tarihi: A ƙarshen Yuli ke nan, bayan an yi makonni ana fafatawa. Ogoja ta faɗi 12 ga Yuli, Nsukka 14. Zafin faɗa daban, mafari daban.

Baba Direba: To in haka ne, me ya hana a sa Gakem a darasin 'yan makaranta? Jikokina ko sunan ba su taɓa ji ba.