Gobara ta taɓa ɗakin Inna, ta ina za mu fara?

Mai tambaya, Ringim: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Daren jiya wuta ta tashi a ɗakin mahaifiyarmu, daga kaskon rushin da aka kwana da shi saboda sanyi. Alhamdu lillahi ba a rasa rai ba, maƙwabta sun kashe ta. Sai dai katifa ta ƙone, bango ya yi baƙi ƙirin, ƙauri ya hana shiga. Soro ne na ƙasa, ga Inna ta dage yau za ta koma ɗakinta.

Baba magini, Bichi: Allah ya tsare gaba, ɗana. Ka lallashe ta, kada ta kwana ciki. Baƙin bango ba ya kisa, rufi ne abin tsoro. Wuta kan shige cikin azara ta yi ta ci a hankali ƙarƙashin ƙasar rufi, ido bai gani ba. Ka sa wuƙa ka kankare kowace azara, musamman bakin da ya shiga bango. In gawayin ya yi zurfi, a canja ta. Ga kuma ruwan da aka kwarara wa soron, ya ƙara masa nauyi, ƙasa ta yi laushi. A bar shi ya bushe, a duba kusurwoyi ko sun tsage, sannan a yi maganar yaɓe.

Hajiya, Kazaure: Allah ya mayar da alheri. Kada ku fara da ruwa, kunkunniya in ta jiƙe sai ta kama bango. A ɗaure hanci, a buɗe ƙofa da taga, a kakkaɓe da busasshiyar tsintsiya daga sama zuwa ƙasa. Bayan nan a yi sabon yaɓe, a shafa farar ƙasa. Tufafi a jiƙa su da ruwan kanwa, a wanke da Omo, a shanya a rana, ƙila sai an maimaita. Katifar soso kam a haƙura da ita.

Wani ɗan uwa, Gumel: A yi ta turaren wuta, warin zai tafi.

Hajiya, Kazaure: A'a ɗana, turare rufe wari yake yi, gobe ya dawo. Gara a zuba gawayi a faranti a kusurwoyin ɗakin, shi yana tsotse ƙauri.

Ma'aikaciyar asibiti, Hadeja: Yaya, ni Inna ce damuwata. Hayaƙin soso da roba guba ne, kuma tsofaffi ba sa faɗa. In tana tari, ko murya ta dashe, ko ciwon kai da jiri, a kai ta asibiti yau. Wanda ya ƙone wajen kashe wutar, ruwa mai sanyi ake zubawa minti 20. Ba ƙwai, ba man goge baki.

Mai gyaran lantarki, Dambatta: In akwai wayar lantarki a ɗakin, ta KEDCO ce ko ta sola, a cire ta daga tushe. Robar jikinta kan narke a inda ba a gani.

Baba magini, Bichi: Ku kuma sanar da mai unguwa da dagaci, ta hannunsu rahoto ke isa ƙaramar hukuma da SEMA, hukumar agajin gaggawa ta jiha. Hatsin da ruwa ya taɓa a baza shi a rana kafin ya yi funfuna.

Mai tambaya, Ringim: Na gode, Allah ya bar zumunci. Tun asuba tana tari kuwa, yanzu za mu tafi asibiti. Baba, azara biyu sun ci sosai ta bakin ƙofa. Su kaɗai za a zare, ko sai an sauke rufin duka?