Shawarwarin Larabawa masu jinyar damuwa ta hanyar zane

Batun zanen mai rai ne ya fi cin lokaci a wata tattaunawa da masu wannan jinya suka yi. Ka miƙa wa mutum fensir ya zana iyalinsa, sai ya noƙe saboda hadisan da suka tsoratar kan yin sura. Aka ce kada a ja da shi. A ba shi rubutun ƙawa na Larabci, ko zare da allura. Matan Falasɗinu kan saki jiki da ɗinkin adonsu na gargajiya mai suna tatriz, wanda UNESCO ta karrama a 2021.

Sai batun dangi, wanda a ganina ya fi wuya. Uwa za ta nemi ganin zanen 'yarta, don haka a gaya mata iyakar sirri tun ranar farko. Mai cewa kambun baka ne ya jawo damuwar, a bar shi da ruƙiyyarsa, jinya ta ci gaba.